Fijo 504 ta Tseren Safari: Yadda Ake Haɗa Kwafinta a Diffa

A ƙarshen watan Maris na 1975 aka kammala tseren Safari a ƙasar Kenya, bayan tafiyar fiye da kilomita 5,000 cikin ƙura da laka. Motoci biyu ƙirar Lancia Stratos, waɗanda a lokacin babu kamarsu a gasar rali ta duniya, su suka zo na biyu da na uku, Sandro Munari da Björn Waldegård na riƙe da sitiyarinsu. Wadda ta riga su isa kuwa Peugeot 504 ce, a hannun Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin, Arne Hertz na karanta masa hanya. Fijo dai da kowa ya sani, irin wadda ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Damagaram da Diffa, an ɗaure mata buhunan tattasai a ka.

Wannan sakamako ya isa ya zama jagora ga duk wanda ke zaune a kwarin kogin Komadugu yana sha'awar haɗa motar tsere irin ta da. A Turai wannan sana'a ce mai zaman kanta. Stratos ta ainihi, da ta ci kambin duniya a 1974 da 1975 da 1976, ba a ƙera ko 500 cikakku ba, kuma yau kuɗin guda ɗaya ya kai dubban ɗaruruwan yuro. Shi ya sa kamfanoni irin su Hawk Cars a Ingila suke sayar da kwafinta a akwatuna: shasi na bututun ƙarfe, bodi na faiba, gilasai, fitilu, wayoyi, da littafin haɗi. Mai saye shi zai nemo inji, galibi V6 na Alfa Romeo, ya shiga garejinsa ya yi ta ɗaurin noti na tsawon watanni ko shekaru. In ya gama, sai hukuma ta yi wa motar gwaji na musamman kafin a ba ta lamba. Haka ake yi wa Ford Escort ta shekarun 1970, wadda har yanzu ake buga mata sabon bodi.

Ba a hana mutumin Diffa sayen irin wannan akwati ba. Sai dai ya yi lissafi da biro, ba da zuciya ba. Kuɗin akwatin kaɗai dubban fam ne masu yawa. Za a ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Lome ko Kwatano, kuma tun bayan sauyin mulki na Yulin 2023 hanyar Benin ta dagule, kaya da yawa suna zagayowa ta Burkina Faso. Daga Yamai akwai sauran tafiya ta fiye da kilomita 1,300 a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, ta Dosso da Maraɗi da Damagaram da Gure. A kowace gaɓa akwai duwan da kuɗin dako. Idan kayan sun iso lafiya, abin da ke ciki mota ce mai jan ciki a ƙasa, injinta a bayan kujera inda zafi ke taruwa, kuma ko famfon ruwanta ya lalace sai an yi oda daga Turai. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a Diffa, irin wannan mota ta kallo ce kawai.

Ita kuwa 504 a akwati ta saba zuwa wannan yanki tun asali. Masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, shekarar nasarar Andersson, kuma aikinta shi ne buɗe akwatunan da suka zo daga Faransa a haɗa mota. An ci gaba da haɗa 504 a can har wajen 2006, shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Wannan ne ya cika kasuwannin Kano da Kaduna da Maiduguri da Damagaram da kayanta, ya kuma tara kanikawan da za su kwance injinta su mayar ba tare da duba littafi ba. Tarihinta a tsere ma ba ƙarami ba ne. Bayan Safari, a 1975 ɗin Hannu Mikkola ya ci tseren Maroko da ita, Jean Todt na zaune a gefensa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da tseren Bandama na Kwaddibuwa da 504 mai ƙofa biyu da injin V6. Waccan mai ƙofa biyu ba ta yawa a nan. Mai ƙofa huɗu ta 1975 ita ce abin kwaikwayo, kuma akwatinta mutum zai tara da kansa, guntu-guntu.

Neman gangar jiki

Aikin yana farawa da motoci biyu: wadda za a gina, da wadda za a yanka a ci kayanta. Ta biyun ko ta yi haɗari ba komai, in dai inji da giya da aksul na nan. Ta farkon ce ake wa kallon tsanaki.

A Turai tsatsa ke kashe 504. A yankin Diffa lodi ke kashe ta. Motar da ta yi aikin tasha ta ɗauki abin da ya ninka nauyin da aka ƙera ta dominsa, a kan hanya mai gargada, shekara da shekaru. Don haka a ɗaga ta a kan rami, a wanke ƙasanta, a bi da tocila. A duba kan hasumiyar shokazoba ta gaba a cikin ɗakin inji, a duba inda gadar aksul ta baya ta kama bodi, a duba gindin ginshiƙan ƙofofi. Tsagewa ƙarama ana gyara ta. Amma in aka tarar da walda a kan walda, an liƙa ƙarfen gini an shafe da kwalta, a bar ta ga mai ita. Ƙofofi ma suna ba da labari: in ta baya ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, bodin ya lanƙwashe. A auna da tef daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ta baya a dama da hagu. Mita 2.74 ne a mai ƙofa huɗu, kuma bai kamata ɓangarorin biyu su saɓa ba.

Tsatsar ma ba a raina ta a kwarin kogi. Motar da ta riƙa tsallake Komadugu in ruwa ya ja baya, ko ta yi safarar kanwa da bandar kifi daga bakin tafkin Chadi, ko ambaliya irin ta 2019 da ta 2022 ta kwana a cikinta, ta sha gishiri da danshi. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but a danna da sukudireba. Maganaɗisu ƙarami yana tona asirin fotin da aka cika rami da shi, domin ba ya kamawa a inda ba ƙarfe.

Akwai zaɓi a ƙafafun baya. Wasu masu ƙofa huɗu kowace ƙafa zaman kanta take, kamar motocin da suka yi tsere. Wasu kuma, da doguwar ta fasinja da a-kori-kura, aksul ɗaya ne miƙaƙƙe. Mai son kwafi na gaskiya zai nemi ta farko, wadda ta fi kwanciya a kwana. Mai son sauƙin gyara ba zai yi asara da ta biyu ba.

Kafin a biya ko dala, a ga takardu. Lambar shasin da ke jikin mota ta yi daidai da wadda ke cikin takardar mallaka, ba kankara ba gyara. Motar da ta shigo daga Najeriya, ta Gaidam zuwa Maine-Soroa ko ta Kano zuwa Damagaram, sai an biya mata duwan kafin ta sami lambar Nijar. Kuma ya fi kyau mutum ya je ofishin sufuri na jiha tun kafin a kwance noti ɗaya, ya faɗi abin da yake shirin yi: canjin launi, canjin inji, cire kujerun baya. Wanda ya gama gini sannan ya je neman takarda, shi ke zama da mota a gida an lulluɓe ta da tamfol.

Kwancewa da walda

Ana kwance motar har sai ƙwarangwal ya rage. Kowane guntu a ɗauki hotonsa da waya kafin a cire, a zuba notocinsa a leda ko gwangwanin madara, a rubuta suna. Wannan shi ke maye gurbin littafin haɗi da ke zuwa da akwatin Turai. Garejin ya zama mai rufi da daɓen siminti, domin noti in ya faɗa cikin yashin Diffa ya tafi ke nan, kuma yashin da ya shiga boris ba ya fita.

Bodin 504 ba ya kan shasi dabam. Shi kansa ne shasin, an haɗa fallayensa da ɗigon walda. A kan kwalta wannan ya isa. A kan burji da gudu, ɗigon yana ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Maganin da masu tsere suka daɗe suna yi shi ne bin duk gaɓoɓin da ɗinkin walda: a yi kamar santimita 2 zuwa 3, a tsallake 4 zuwa 5, a sake. Ba a yin layi ɗaya dogo, kuma ba a zama a wuri guda. Ana yin ɗinki a dama a koma hagu, don kada zafi ya murɗe bodin. A ƙara faranti a kan hasumiyar shokazoba da mazaunin aksul da wuraren sa jak.

A nan ake gane mai walda. Fallen bodi bai kai kaurin milimita ɗaya ba a wurare da yawa, kuma injin walda mai sanda da ake yin ƙofofin gida da shi huda shi yake yi. Waldar gas tana yi, amma tana dumama fili mai faɗi. Wadda ta dace ita ce ta waya mai tukunyar iska, wadda ake kira MIG. In babu a gari, gara a ɗora ƙwarangwal a babbar mota zuwa Damagaram ko Kano da a bari a koyi aiki a kansa. In akwai, a tanadi janareto mai ƙarfi, domin wutar da ke hawa da sauka tana ba da walda mai kyan gani marar kamu.

Kejin ƙarfe

Babu wani ɓangare na wannan aiki da ya kai wannan muhimmanci, kuma babu inda aka fi yin ha'inci. Kejin shi ne ƙarafan da ke zagaye direba da abokin tafiyarsa a cikin mota, don in ta kife rufin kada ya murƙushe su. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta rubuta ƙa'idarsa dalla-dalla, kuma ko mutum ba zai taɓa shiga gasa ba, ƙa'idar ce ta fi dacewa ya bi. Bututun ya zama na ƙarfe marar ɗinki wanda aka ja da sanyi. Babban baka na bayan kujeru ya zama milimita 45 a faɗi da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2. Sauran sanduna 38 da 2.5, ko 40 da 2. Kowace ƙafa ta kejin ta sauka a kan farantin da ya kai milimita 3 a kauri da faɗin santimita murabba'i 120, wanda aka yi wa walda a jikin bodi. In ba haka ba, ranar haɗari ƙafar huda ƙasan motar za ta yi ta wuce.

Bututun ruwa ba ya wannan aiki. Na gadon ƙarfe da na kujerun makaranta ma haka. Suna da ɗinki a tsawonsu, kuma ta nan suke tsagewa. Mai farin shafi kuwa hayaƙin waldarsa guba ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a sa yatsa a cikin bakin bututun a zagaya, in an ji tudun layi, mai ɗinki ne. Marar ɗinki sai an nema a wurin manyan dillalan ƙarfe, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko na Legas, ko a yi odar kejin da aka riga aka lanƙwasa daga waje. Idan akwai abu guda da ya cancanci kuɗin jirgi da na duwan a duk wannan gini, to shi ne.

Lanƙwasawa ma da sharaɗi. Dabarar da aka saba, a cika bututu da yashi a gasa shi da wuta har ya yi ja sannan a murɗa, tana da kyau ga ƙarfen rumfa. A keji tana raunana wurin da aka fi buƙatar ƙarfi. Da sanyi ake lanƙwasawa, a kan inji mai mazubi, ba tare da bututun ya moɗe ko ya yi tamoji ba. Kowace mahaɗa a zagaye ta da walda gaba ɗaya, har saman da ke manne da rufi inda ido ba ya gani. Masu aikin kirki sukan huda ƙasan mota su sauke kejin ƙasa kaɗan, su yi waldar saman, su ɗaga shi, sannan su sa faranti.

Da keji ake sa kujerun tsere masu rungume jiki da ɗamara mai madauri shida, kuma da shi ake sa hular kwano. Kan mutum ba hula kusa da sandar ƙarfe ya fi zama cikin haɗari a kan wanda ke cikin motar da ba keji. Sandunan da ke kusa da kai a naɗe su da soso mai tauri. Madaurin kafaɗa ya tafi baya kusan a miƙe, ya ɗan sunkuya kaɗan, kada a ja shi ƙasa zuwa daɓen mota, domin hakan danne ƙashin baya yake yi a lokacin karo. Kujeru da ɗamara na gasa suna da kwanan wata a jiki, shekara biyar ne wa'adin yawancinsu. Waɗanda wa'adinsu ya ƙare suna arha a Turai, kuma ga mai yawon nishaɗi sun fi na bogi nesa, in dai ba su taɓa shiga haɗari ba.

Inji, iska da ruwa

Injin fetur mai cc 1,971, wanda yake kwance a karkace a ɗakin inji, shi ne na wannan aiki. A kafireta ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Motocin kamfani na tsere sun yi amfani da famfon fesa mai na Kugelfischer, kuma an ƙara musu ƙarfi sosai. Wannan famfo abin sha'awa ne, amma mai iya saita shi ya yi ƙaranci ko a Faransa. Kafiretar Solex mai maƙogwaro biyu kuwa yaron gareji ma yana wanke ta a gindin bishiya. A zauna a kanta.

Abin da ake nema a injin ba ƙarin ƙarfi ba ne, lafiya ce. Silindoginsa masu cirewa ne, ruwa na zagaye su kai tsaye, don haka ana sayen saiti guda na silinda da fistin da zobba a sa sabo. Sai dai a kula da tsinin da kowace silinda ke yi sama da fuskar bulo: in bai daidaita ba, gasket zai ƙone ko ruwa ya gauraya da baƙin mai. Kan injin na alminiyom ne, kuma kusan duk wanda ya yi aikin haya ya taɓa tafasa, don haka a kai shi a gwada miƙewarsa. A ɗaure notocinsa da sifana mai ma'auni bisa tsarin littafi, ba da ƙarfin dantse da guntun bututu ba. Kayan Peugeot 505 da yawa suna shiga 504, har da akwatin giya mai biyar, wanda ke sauƙaƙa wa inji a doguwar kwalta irin ta Diffa zuwa Gudumariya.

A kasuwa kaya iri uku ne: tsohon na asali da aka cire daga wata mota, sabon na asali da ya kwana a shago, da sabon kwaikwayo mai kwali mai sheƙi. A ƙarfe mai nauyi, tsohon na asali ya fi. A roba, wato tiyo da bushin da sil, tsufa illa ce ko ba a taɓa amfani da shi ba. A birki da sitiyari ba a neman arha.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na ɗauko ta daga arewa maso gabas, laushinta kamar garin tuwo, kuma tana cinye zobban fistin cikin ɗan lokaci in ta sami ƙofa. A sa babbar matatar iska, a ƙara mata ta gaba mai juya iska tana zubar da yashi, irin ta taraktoci da manyan motoci, a ɗaga bakin shan iskar daga inda ƙafar gaba ke watso ƙasa. Kowace mahaɗa tsakanin matata da kafireta a ɗaure ta da zobe. A shafa ɗan giris a cikin bututun bayan matata. In an dawo daga gwaji aka ga ƙura ta manne a kai, akwai inda ke zuƙa.

Lagireto a sa mai layi uku ko huɗu, a ƙara fankar lantarki, a sa raga a gabansa saboda ƙarangiya da ciyawa. Al'adar cire tamostat a jefar ba ta da amfani ga injin da ke da lafiya. Ruwan rijiya mai kanwa yana toshe lagireto yana cin alminiyom, don haka ruwa mai tsabta da maganin sanyaya inji za a zuba. Bututun fetur a nisanta shi da salansa, domin a zafin bazara man yakan tafasa a cikinsa mota ta mutu tsakiyar hanya. Ƙaramin famfon lantarki kusa da tanki yana magance wannan. Matatar mai biyu ba ta yi yawa ba ga motar da wata rana dole ta sha man kwalba a bakin hanya.

Ƙafafu da ƙasan mota

A ɗaga motar kaɗan, santimita 3 zuwa 5, da sifirin masu ƙarfi da shokazoba masu gas. Wuce haka yana gajiyar da gaɓoɓin ƙafa yana sa ta rawa a kwana. A rufe kaskon inji da akwatin giya da faranti, alminiyom mai milimita 6 zuwa 8 ko ƙarfe mai 3 zuwa 4, a ɗaure shi a jikin bodi, a bar tazara tsakaninsa da kaskon. Tanki ma a yi masa nasa. Tiyon birki da na mai a bi da su ta cikin mota ko ta inda dutse ba zai same su ba. Ƙafafun 504 noti huɗu ne masu tazara ta musamman, ba kowane rim ke shiga ba, don haka a tara na ƙarfe shida daga motocin yanka: huɗu a ƙasa, biyu safaya. Rim na ƙarfe in ya lotsa guduma na gyara shi. Na alminiyom fashewa yake. Taya mai kaurin gefe ta ƙananan motocin kaya ta fi jure ƙayar aduwa da ta bagaruwa.

Wayarin a sake shi gaba ɗaya, da fis ga kowane layi da makunni guda da ke yanke batir. Batirin a ɗaure shi da ƙarfe. Tukunyar kashe gobara mai kilo 2 ta zauna inda hannu zai kai ana ɗaure da ɗamara.

Fenti da fita gwaji

Kamannin motar daga hotunan 1975 ake ɗauko su, kuma suna nan birjik a intanet: manyan fitilu zagayayyu a gaba, robar tare laka a bayan ƙafafu, maƙallan bonet, lamba a ƙofa. Ba a fesa fenti da hunturu, ƙura za ta zauna a kai. Ba a yi kuma da tsakar ranar bazara, yana bushewa kafin ya kwanta. Sassafe, a rufaffen wuri da aka yayyafa wa ruwa a ƙasa.

Zaɓen launi a Diffa ba maganar ado kaɗai ba ce. Bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka sa jihar ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, har aka yi shekaru an hana hawan babur. Mota mai ƙarar salansa, mai launin ƙasa ko na kakin soja, mai baƙin gilashi, tana tunkarar shingen jami'an tsaro da gudu, tana neman wa mai ita abin da ba a fata. Fari ko wani launi mai haske, gilashi garau, salansa mai hankali, takardu a hannu. Manyan fitilun a rufe su in ana cikin gari.

Yankin ya taɓa ganin motocin tsere na gaske. A tseren da ya tashi daga Paris zuwa Cape Town a ƙarshen 1991 ya ƙare a Janairun 1992, ayarin ya gangaro daga Dirku ya kwana a Ngigmi kafin ya nufi Njamena, kuma Hubert Auriol ne ya ci da Mitsubishi Pajero. Waɗancan hanyoyin daji ba na yawo ba ne yanzu. Akwai nakiyoyi da aka binne a wasu, akwai masu ɗauke mutane a wasu, musamman ta gabas wajen Bosso da bakin tafki. Filin gwaji sai wanda hukuma ta sani ta kuma amince, da rana, da mota ta biyu a biye. Tuddan Tal da ke kusa da Ngigmi, duk kyansu, ba na mota mai jan ƙafa biyu ba ne. Sai dai 504 ɗin da kamfanin Dangel ya mayar mai jan huɗu, wadda samunta sai an tona. A kauce wa gonakin tattasai da magudanan ban ruwa a bakin kogi, da burtalin dabbobi, da tuddan da aka kafe da shinge a kewayen kwaruruwan Maine-Soroa da Gudumariya, inda sawun taya ɗaya ke buɗe wa iska aikin shekaru.

Sabon inji ana lallaɓa shi kilomita 1,000 na farko a kan kwalta, ba a matsa masa, sannan a juye baƙin mai a sake ɗaure kan inji a saita bawul. Bayan haka a hau burji a hankali, a yi kilomita 20, a tsaya a shiga ƙarƙashi da sifana. Noti zai kwance, tiyo zai goga wani ƙarfe, wani abu zai ɗiga. Haka kowane sabon haɗi yake. A ɗiga fenti a kan kowane notin da aka tabbatar, don in ya motsa a gani da ido. A yashi mai laushi a rage iskar taya zuwa wajen bar 1.2, a shiga da giya ta biyu, kada a taka birki da ƙarfi, kada a murɗa sitiyari farat ɗaya. Da an koma ƙasa mai tauri a mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar zai yi zafi ya fashe. A but kuwa kullum akwai shebur, da faranti biyu na fita yashi, da famfon iska, da fanbel, da fulogi, da kwayil, da igiyar ja, da jarkar ruwan sha ta lita 20 ban da na lagireto.